Wai da gaske da sunan Nijar aka je yaƙin Iraƙi?

Dan_Tahoua:
Salam 'yan uwa, dan Allah masu sani ku fahimtar da ni. Jiya a majalisa wani dattijo yake cewa har da sunan Nijar aka kafa hujjar yaƙin Iraƙi na 2003, wai Saddam ya nemi yuraniyom, ma'adinin da ake haɗa makamin nukiliya da shi, a wajenmu. Abin ya ɗaure min kai, ƙasa kamar Amurka da CIA ɗinta da kuɗi da na'urori, ya za ai ta je yaƙi kan zancen da bata tabbatar ba?

Baban_Ummi:
Wa'alaikumus salam. Dattijon nan gaskiya ya faɗa maka ƙanena. Rahoton leƙen asiri kan wasu takardu ne ya fara ɓullowa wai Nijar ta yarda ta sayar wa Iraƙi tan 500 na yuraniyom, sai CIA ta turo tsohon jakada Joseph Wilson har Yamai a Fabrairun 2002, ya zauna da manyanmu ya koma yace musu da wuya abin ya yiwu, don harkar ma'adinan Arlit Faransawa ne ke juya ta kuma tan 500 ba buhun gero bane da za a tsallaka da shi cikin dare. Amma duk da haka a Janairun 2003 Bush ya faɗa a jawabinsa cewa Saddam ya nemi yuraniyom daga Afirka, ya jingina zancen ga Birtaniya.

Maman_Aisha:
Ni abin dake ƙona min rai, ran 7 ga Maris 2003 ElBaradei shugaban hukumar IAEA mai sa ido kan nukiliya a duniya a lokacin ya gaya wa Kwamitin Sulhu cewa takardun jabu ne, wata wasiƙa ta 2000 ma sa hannun ministan da ya bar kujera tun 1989 ke jikinta. Ran 20 ga wata aka fara ruwan bama-bamai, rayuka nawa suka salwanta, Innalillahi.

Abu_Hafsat:
Hajiya haka ne, amma kar mu jibga wa masu leƙen asiri laifin duka. A Oktoban 2002 George Tenet shugaban CIA da kansa yasa aka cire zancen daga jawabin da Bush zai yi a Cincinnati, wata uku kacal sai gashi ya dawo. Su nasu su kawo bayani su faɗi inda suke shakka, mai yanke hukunci in ya riga ya ƙudurta yaƙi to abinda ya dace da ransa kawai zai tsinta. Ko da yake suma sun tafka kuskure babba kan makamai masu guba.

Dan_Tahoua:
Na gode yayyena. To takardun daga ina suka fito?

Baban_Ummi:
Ta Italiya suka biyo, wata 'yar jarida aka ba a Rum ita kuma ta kai ofishin jakadancin Amurka a Oktoban 2002.