Kwamfutar gida: sabuwa a kwali ko tokumbo? Kaina ya kulle

Mai tambaya: Assalamu alaikum jama'a, don Allah ku taimaka min. Na kwashi adashe naira dubu 300, da niyyar firiza, amma tun bara na yi wa babbar 'yata alkawarin kwamfuta. Bana za ta zana JAMB, kuma yarinyar nan ko linzamin kwamfuta ba ta iya riƙewa ba. Mai gida ya ce ba ruwansa, kuɗina ne, ƙaninsa kuma ya ce asarar kuɗi ce tunda akwai waya, amma shi ya raka ni shagon. Ni malama ce, zan riƙa buga tambayoyin jarrabawa da sakamakon ɗalibai. An nuna min biyu: sabuwa dal a kwali, fara mai kyau, da garantin shekara ɗaya, sai wata baƙar Lenovo tokumbo mai jan ɗigo a tsakiyar madannai. Kuɗinsu kusan ɗaya. Asabar zan koma. Wacce zan ɗauka?

Mai gyaran kwamfuta: Wa alaikumus salam Hajiya. Kin ba mu labarin adashe, ba ki ba mu lambar kwamfuta ba. Fara da baƙa ba su ne magana ba. Abu uku za ki turo: sunan furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfutar), girman RAM (inda take riƙe aikin da ake kan yi), da irin ma'ajiyar. Suna jikin kwalin sabuwar. Tokumbon kuma a kunna, a danna Ctrl da Shift da Esc tare, a shiga Performance, komai na nan.

Mai tambaya: Na duba hoton kwalin a wayata. Celeron N4020, 4GB, 64GB eMMC. Ta Lenovo ban ɗauki hoto ba, ya dai ce T480 ce.

Mai gyaran kwamfuta: To magana ta ƙare, bar ta kwalin. eMMC ɗin nan ɗan guntu ne da aka liƙe a jikin allon injin, irin na waya, ba ya ciruwa balle a sa babba. A cikin giga 64, Windows da sabuntawarsa za su cinye kusan rabi. Ki zuba Office da manhajar gwajin JAMB da hotunan biki, nan da wata shida sai ta fara kukan wuri ya cika. RAM giga 4 kuma, a yawancin irinsu shi ma a liƙe yake. Ki buɗe Chrome da shafi biyar, Excel na gefe, sai ki danna ki je ki sha ruwa ki dawo.

T480 ɗin kamfanoni ake ƙera wa ita. Ramin RAM biyu gare ta, DDR4, ana ƙarawa. Abin da za ki nema: i5-8250U ko i5-8350U, RAM giga 8, ma'ajiya mai sauri irin SSD giga 256, allo 1920 x 1080. Ki kula, akwai T480 masu i5-7200U ko 7300U, suna ɗaya, ciki daban. Lambar farko bayan ɗan layin nan ita ce janareshan, wato zubin furosesan. 8 ake so, ba 7 ba. Na 8 zuciya huɗu gare shi, wato sassa huɗu masu aiki lokaci guda, na 7 biyu. Sannan Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma a hukumance daga janareshan 8 yake farawa.

Wata 'yar uwa: Ni dai Anti, kaya a kwali ya fi kwanciyar rai. Tokumbo ba ki san hannu nawa ta bi ba. A goge ta da mai, a manna mata sitika, a ce daga Ingila take, alhali daga unguwar da ke bayanku aka kawo. Garantin sati biyu za su ba ki, a na uku ta mutu, a ce ke kika zuba mata ruwa. Ga masu cire caja ta asali su haɗa ki da ta bogi mai zafi kamar dutsen guga. Sannan kada a manta da wuta. Celeron ba ya shan batir, ita kuwa tokumbo batirinta ya sha duniya.

Mai gyaran kwamfuta: Batir ana auna shi, ba a yin duba. A buɗe Command Prompt a rubuta powercfg /batteryreport, a buɗe takardar da ya fitar. Akwai Design Capacity, ƙarfinsa yana sabo, akwai Full Charge Capacity, abin da yake ɗauka yanzu. A raba na biyun da na farko. In ya gaza kashi 70 cikin ɗari, a rage kuɗin batir ko a canza. T480 ma batir biyu take ɗauka, na ciki da na waje mai ciruwa, na wajen akwai 24Wh da 48Wh da 72Wh. Wasu babu na cikin, filastik ne kawai a gurbin, rahoton zai nuna ko ɗaya ne ko biyu. Garantin shekara kuwa, a tambayi mai shagon: in ta lalace wa zai gyara, a ina? In amsar "ki kawo mu gani" ce, to takarda ce kawai.

Malamin kwamfuta: Injiniya ka tsananta. Maganar janareshan 8 ba wajibi ba ce ga mai buga takardu. HP EliteBook 840 G3 mai janareshan 6 da SSD tana tafiyar da Word da Excel lafiya lau, kuma ta fi araha, ragowar kuɗin a sayi ƙaramar furinta. Abin da ya fi damuna shi ne yaudarar i7. Mutane su ji i7 su zuba kuɗi, alhali i7-6600U zuciya biyu ne, i5 na janareshan 8 ya wuce shi nesa ba kusa ba. Kuma Malama, a guji Chromebook duk arharta, manhajojin Windows ba sa hawa kanta.

Mai gyaran kwamfuta: Malam, G3 ba ta cikin jerin da Windows 11 ya amince da su. Za a ɗora mata shi ta ɓarauniyar hanya, eh, amma ranar da sabuntawa ta ƙi shiga, kai za ta kira? Hajiya, kafin ki biya: a danna F1 lokacin kunnawa a shiga BIOS, shafin saitin injin. In ta nemi kalmar sirri, ajiye ta ki fita, ko kyauta ce. A buɗe Notepad a danna kowane harafi ɗaya bayan ɗaya, a duba ko madannan na Faransa ne masu farawa da AZERTY. A sa farin shafi a cika allo don ganin tabo. A buɗe a rufe murfin, a saurari ƙara a wajen maƙalan. A gwada kowane ramin USB, da kyamara, da Wi-Fi. T480 da USB-C take caji, a girgiza kan cajar a hankali, in cajin yana yankewa ramin ya gaji, kuma gyaransa aikin allon inji ne. Caja ta zama 65W ta asali.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Amma gaskiya ni kaɗai ba zan iya duk wannan ba, mai shagon ma zai ce na raina shi, kuma maƙocin ƙanin mijina ne. Sannan yarinyar ta riga ta ga hoton farar, ita take so. Ai ba wasan kwamfuta za mu yi ba, rubutu ne kawai. In ta cika ba sai in sayi filash ba?

Mai gyaran kwamfuta: Filash zai ɗauki takardu, ba zai ƙara RAM ba.

Wata 'yar uwa: A dai haɗa da sitabilaiza, wutar nan ba ta da amana.

Malamin kwamfuta: Ba ta buƙata, a karanta bayan cajar, daga volt 100 zuwa 240 take karɓa. Soket mai kariya daga tartsatsin wuta ya isa, kuma a zare in an ɗauke, a jira ta zauna in an kawo.

Mai tambaya: To yanzu ƙanin mijin nawa ya kira, wai akwai wata mai taɓa allo, i7, ana naɗe ta kamar littafi, a ƙara dubu 40. Bai san lambar ba, ya ce zai tambaya. Ita fa?