Muhawara: Manuel Rodríguez jarumi ne, ko fim ne ya naɗa masa rawani?

Baban Ummi: Jama'a, jiya na kalli El húsar de la muerte, wato Barden Mutuwa, fim marar sauti na ƙasar Chile da ya fito a 1925. Pedro Sienna ne ya ba da umarni, shi ne kuma ya fito a matsayin Manuel Rodríguez, ɗan sari-ka-noƙen da ya addabi Sifaniyawa a yaƙin neman 'yancin Chile. Ra'ayina shi ne, fim ne ya ƙera wannan jarumi. Mutumin lauya ne, ba janar ba. O'Higgins da San Martín, jagororin 'yan neman 'yanci, su ne suka ci yaƙin Chacabuco a 1817, amma Rodríguez ake wa kirari.

Malamin Tarihi: Baban Ummi, ka yi gaggawa. Bayan da aka murƙushe 'yan neman 'yanci a Rancagua a 1814, shugabanninsu sun tsallake duwatsun Andes zuwa Mendoza a Ajantina. San Martín yana haɗa runduna a can, amma ina amfanin runduna in abokin gaba yana jiranka a bakin hanya? Aikin Rodríguez ke nan: ya koma cikin Chile a ɓoye, yana aiko da labari, yana baza jita-jita, yana kai hari nan ya ɓulla can. A farkon 1817 mutanensa sun afka wa Melipilla da San Fernando. Dole gwamnan Sifaniya a Chile, Marcó del Pont, ya rarraba sojojinsa, har ya sa tukwici ga duk wanda ya kamo shi. Kai ka taɓa ganin an sa tukwici a kan wanda ba ya tsone wa kowa ido?

Baban Ummi: Malam, ban musa wannan ba. To amma ɓad-da-kamar fa? Yau mabaraci, gobe limamin coci, jibi baƙauye. Har da labarin nan na cewa ya buɗe wa gwamnan ƙofar keken dokinsa, gwamnan ya ba shi sadaka bai gane shi ba. Wannan ai gizo da ƙoƙi ne.

Maman Khalifa: Tatsuniyar ce dai, amma ba Sienna ya ƙago ta ba, a bakin mutane ya tarar da ita. Tun 1910 aka yi fim a kan Rodríguez a Chile, aka sake yin wani a 1920, kuma Sienna ɗin nan shi ya fito a na 1920. Ba a yi wa mutum fim uku cikin shekara 15 sai in dama jama'a na son sa. Kuma ku duba, fim ne da ba a magana, sai ɗan rubutu da ake jefawa tsakani. Wane jarumi ya fi dacewa da irin wannan fim fiye da wanda makaminsa canza kama? Ido kawai ake buƙata. Ko wanda bai iya karatu ba zai yi dariya idan sojan sarkin Sifaniya ya wuce Rodríguez yana neman Rodríguez.

Ɗan Zariya: Ni fa ina bayan Baban Ummi a wuri guda. Sunan fim ɗin kansa ya fi ƙarfin abin da ya faru. Rundunar da ake kira Baraden Mutuwa, masu baƙaƙen kaya da alamar ƙoƙon kai, a watan Maris na 1818 Rodríguez ya kafa ta, bayan 'yan neman 'yanci sun sha kashi a Cancha Rayada. Makonni kaɗan ta yi aka rusa ta. Suna ya yi tsawon rai, runduna ba ta yi ba.

Malamin Tarihi: Gaskiya ne, Ɗan Zariya. Sai dai ka tambayi dalilin rusa ta. Rodríguez na ɓangaren 'yan gidan Carrera ne, abokan hamayyar O'Higgins. An kama shi, kuma ran 26 ga Mayu 1818 aka harbe shi a Tiltil yana hannun sojojin ƙasar da ya yi wa wahala. Aka ce wai gudu ya yi niyya. Ba Sifaniyawa suka kashe shi ba, 'yan gida ne. A ganina wannan mutuwar ce ta dasa shi a zukatan talakawa, shekara fiye da 100 kafin Sienna ya ɗauki kyamara.

Maman Khalifa: Kuma kar mu manta sa'ar da fim ɗin ya yi. Kusan duk finafinan Chile na wancan zamani sun salwanta. Wannan ya tsira, Sergio Bravo ya gyara shi a Jami'ar Chile a 1962, aka ayyana shi kayan tarihi na ƙasa a 1998. Shi ya sa muke ganin kamar daga kansa aka fara.

Baban Ummi: To Hajiya, kin ba ni makami. In shi kaɗai ya rage, fuskar Sienna ce mutane suka ɗauka fuskar Rodríguez. Na janye cewa fim ne ya haife shi, amma ban janye cewa ya yi masa kwalliya ba. Malam, a yaƙin Maipú da ya tabbatar da 'yancin, wa ya jagoranci runduna?

Malamin Tarihi: San Martín, ran 5 ga Afrilu 1818. Ba na jayayya da kai a nan.

Ɗan Zariya: Ni dai yaron nan Huacho Pelao ya fi burge ni a fim ɗin gaba ɗaya. Shi ma za ku ce sai an kawo takardarsa ta tarihi?