Wata bakwai da yi min aiki a gwiwa, in shiga gasar tantancewa ko in haƙura?

Sadik Raket:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema, musamman daga wanda ya taɓa shiga irin halin nan. Shekarata 26, wasan badminton nake yi, da hannun dama nake bugawa. Bara na bi shatil, wato ƙwallon gashin tsuntsu da muke bugawa, can kusurwar baya ta hagu, na yi tsalle na doke ta ta saman kai, ina dira a kan ƙafar hagu sai na ji ƙas a cikin gwiwa. Ko faɗuwar kirki ban yi ba, zama kawai na yi a ƙasa. Hoton MRI ya nuna jijiyar tsakiyar gwiwa, wadda likitoci ke kira ACL, ta tsinke. An yi min aiki, yau wata bakwai da kwana huɗu.

Yanzu ina gudu, ina hawa bene ba ciwo, har na fara taka fili ni kaɗai ba shatil. Amma cinyar hagu ba ta kamo ta dama ba, mai yi min gashin ƙashi ta sa tef ta auna, saura santimita biyu. A gwajin tsallen ƙafa ɗaya kuma hagun ta kawo 82 cikin 100 na abin da dama ke yi. Ta ce sai na kai 90 kuma na cika wata tara.

Matsalar ita ce nan da sati biyar za a yi gasar tantance waɗanda za su wakilci jiha. Koci ya ce in ban fito ba akwai yara biyu da ke jiran gurbina, abokin dabul ɗina (wasan bibbiyu) kuma ya ce in faɗa masa gaskiya ya nemi wani tun da wuri. To in shiga dabul kaɗai in bar singul (wasan ɗaya da ɗaya), ko in haƙura gaba ɗaya? Ba magani nake tambaya ba don Allah, an riga an yi aikin.

Ɗan Hajiya:
Allah ya ƙara sauƙi. Akwai wani mai ɗori a ƙauyenmu, gado ya yi wurin kakansa. Ni da na yi targaɗe a idon sawu kwana tara na koma fili. In kana so in kai ka.

Ummi Net:
Ɗan Hajiya ka karanta kuwa? An ce jijiya ta tsinke an yi tiyata, kai kana maganar targaɗe. Me mai ɗori zai ɗora?

Ɗan Hajiya:
Ai duk ƙafa ce Ummi.

Bash Simash:
Shiga kawai malam. Carolina Marin 'yar Sifaniya irin jijiyar nan ta tsinke a wasan ƙarshe na Indonesia Masters a Janairun 2019, a Satumba ta dawo ta cinye China Open. Lissafa da kanka, wata takwas ma bai cika ba. Tsoro ne kawai ke kashe ɗan wasa.

Malam Habu:
Bash, ka ba da labarin rabi. Ƙarasa masa. A 2021 ɗaya gwiwar ta tsinke ta rasa gasar Olamfik ta Tokyo, a Paris 2024 kuma tana gaba a wasan kusa da na ƙarshe da He Bingjiao gwiwar dama ta sake tafiya, ta fita tana kuka duniya na kallo. Kuma wannan mai zinaren Olamfik ta Rio 2016 ce, da likitocinta da masu gashinta safe da yamma. Mu wa muke da shi?

Sadik ƙanena, zauna ka ji nawa. Ni ma gwiwar hagu ce, ni ma a kusurwar nan ta baya. Lokacin an yi mana alkawarin duk wanda ya ciyo lamba za a ɗauke shi aiki, ina da mata da ɗa ɗaya, ka ga ba wasa nake bugawa ba, abinci nake nema. Da na ji ciwon manya suka zo asibiti aka ɗauki hoto da ni, aka ce kar in damu. Daga ranar ban sake ganin ƙeyar kowa ba. Babur ɗina na sayar, matata ta sayar da 'yan kunnenta na aure, yayana ya cika sauran, aka yi aikin.

Wata shida cif aka kira ni a waya, wai ana bukatata, wai dabul ne kawai ba wahala, in tsaya gaban raga yaro ya riƙe baya. Kalmar da kocinka zai gaya maka ke nan in bai riga ya faɗa ba. Na ɗaure gwiwa da bandeji biyu, na sha maganin ciwo, na shiga. Wasan farko muka ci 21 da 17, har ina jin kaina. A na biyu muna 14 da 11 aka ɗaga shatil ta wuce ni, yaron yana can gefe, jikina ya manta da alkawarin tsayawa gaba. Na ja da baya na yi tsalle. Sautin da ka ce ka ji, ni sau biyu na ji shi a rayuwata, na biyun ya tafi da guringuntsi.

A Keke Napep aka kwashe ni. Wani babba ya miƙo min dubu biyar ta taga ya ce kuɗin mota. Aikin da aka yi alkawari ɗan wani aka ba, yaron da ko riƙon raket bai iya ba. Kuɗin aiki na biyu ban same su ba har yau. Shekarata 41, a kan kujera nake sallah a sahun baya tare da tsofaffi. Ban iya zaman tahiya, ban iya tsuguno, sai da na canza banɗakin gidana. Ɗana ya ce in koya masa wasan, a tsaye wuri ɗaya nake jefa masa shatil kamar turke.

Ummi Net:
Innalillahi. Allah ya saka maka Malam Habu. Wallahi jikina ya yi sanyi.

Auwal Lefti:
Allah ya isar maka Malam. Amma nawa aka yi maka aikin a lokacin? Ƙanina ma abin da ke damunsa ke nan, an ce mana miliyan uku da rabi a asibitin kuɗi.

Bash Simash:
Miliyan uku da rabi? An gan ku da mota ne. Abokina miliyan ɗaya da dubu ɗari takwas ya biya a na gwamnati.

Auwal Lefti:
Yaushe? Kafin dala ta tashi ko bayan ta tashi? Kuma ka tambaye shi ko kuɗin ya haɗa da ƙusoshin da ake sawa a ciki, don mu an ce mana su daban ake saye. MRI kaɗai dubu 140 muka biya.

Ɗan Hajiya:
MRI dubu 75 ne. Mai ɗorinmu kuwa zakara ɗaya da abin da ya sawwaƙa.

Maman Hanif:
Ku duka kuna lissafin tiyata kun manta gashi. Mijina dubu takwas yake biya kowane zuwa, sau uku a sati, wata da watanni. Da muka tara sai muka ga ya kusa kamo kuɗin aikin. Nan ne mutane ke gajiya su daina zuwa, su ce ai sun warke.

Sadik Raket:
Na gode ƙwarai, Malam Habu labarinka ya taɓa ni. Amma jama'a ni na wuce maganar kuɗin aiki. Dabul kaɗai, ko a'a?

Zainab Fisiyo:
Sadik, gashin ƙashi nake karanta, ina shekarar ƙarshe, ba ni ce mai duba ka ba amma ga abin da na sani. Abin da aka sa maka a gwiwa ba jijiyarka ta da ba ce aka ɗinke, wata aka yanko daga jikinka aka dasa, kuma tana ɗaukar watanni kafin ta zama jijiya sosai. Rashin ciwo ba ya nuna ta nuna. Shi ya sa ake cewa wata tara da kashi 90. Kai kana 82.

Dabul kuma ba hutu ba ne. Gudun ya fi kaɗan, gaskiya, amma shatil ta fi sauri, juyawa ba shiri ta fi yawa, kuma da an ɗaga sai wani ya koma baya ya yi tsalle. Kusurwar da ta kayar da kai tana nan. Mai wasa da dama hagunsa ke dira a can, shi ya sa ku biyu da Malam Habu duk hagu ce, Marin kuma bahaguwa ce, damarta ce ta fara tafiya. Ka roƙi mai gashinka ta sake auna ka nan da sati huɗu, bayan ka gaji ba da safe kana sabo ba, sannan ka koma wurin likitan da ya yi aikin.

Koci Ɗanladi:
'Yata, kin taɓa riƙe raket? Shekara 30 ina cikin wasan nan, tun ana buga 15 sai mai sabis, wato mai fara bugu, ke cin maki, kafin a koma 21 a 2006. Na ga yaran da takarda ta ce sun warke suka shiga fili suna rawar jiki, na ga waɗanda takarda ta hana suka ciyo kofi. Ɗan wasa a ido ake gane shi, ba a tef ba. Kuma wanda ya bar gurbinsa shekara ɗaya ba ya dawowa ya same shi, wannan ku ba a koya muku a aji.

Zainab Fisiyo:
Baba Koci, da girmanka, ban taɓa riƙe raket ba. Amma waɗanda idon ya ce sun warke, wurinmu ake kawo su a karo na biyu.

Malam Habu:
Ɗanladi, ni ma ido ne ya duba ni.

Koci Ɗanladi:
Habu ba ni na kira ka ba, kar ka ɗora min laifin wani. Ni cewa na yi a bar yaro ya gwada kansa a atisaye tukuna, in ya ji ba daidai ba ya janye. Jiki magayi.

Bash Simash:
To yanzu maganar wa za a bi? Mai takarda ba ta taɓa wasa ba, mai wasa ba shi da takarda, mai ɗori kuma zakara yake jira.

Ɗan Hajiya:
Zakaran ma ya yi tsada yanzu, ku yi sauri.

Ummi Net:
Ni abin da ban ji kowa ya faɗa ba, a wane fili za a yi gasar? In irin namu ne siminti ne tsura aka shafa wa koren fenti. Ranar Asabar a ba da hayar zauren a yi biki, Lahadi mu zo mu tarar da maiƙon shinkafa da ledar ruwa. Da hannuna na goge man miya a kan layin sabis da tsumman da nake share raket. Mai ƙafa lafiyayya ma addu'a yake yi kafin ya miƙa ta gaban raga.

Nura KL:
Ummi kin taɓo inda ke min ƙaiƙayi. Ina karatu a Maleshiya, unguwar da nake zaure ɗaya fili goma sha biyu ne, ƙasan katako an shimfiɗa tabarmar roba a kai, kana dira kana jin ta karɓe ka. Da na zo hutu na buga awa ɗaya a gida, kwana uku ina jin agarata. Ba gwiwoyinmu ne ba su da ƙarfi ba.

Auwal Lefti:
Duk da haka 'yan wasanmu na Najeriya, Anuoluwapo Opeyori ya je Olamfik sau biyu, Eniola Bolaji ta ciyo tagulla a gasar nakasassu ta Paris 2024. Da an gyara mana wuri fa?

Maman Hanif:
Wuri? A fara da shatil. Kwali ɗaya mai guda 12 yanzu sai mutum huɗu sun yi karo-karo. Wai gashin agwagwa da na dinya ya yi ƙaranci a Chana. Ga hunturu, iska ta busar da gashin, simash uku, wato bugu mai ƙarfi, ta watse.

Koci Ɗanladi:
Ku jiƙa ɗan soso ku matse, ku sa a bakin kwalin ku rufe ya kwana, kar ya taɓa kan shatil ɗin. Tana ƙara kwana. Mu da muna tara waɗanda suka karye mu ba yara su yi atisaye da su, yanzu manyan ma da su suke bugawa.

Bash Simash:
Ni na koma ta roba, kowa ya yi dariyarsa.

Ummi Net:
Ta roba a gasar tantancewa? Bara ma mu muka sayi shatil ɗin da aka tantance mu da ita, aka ce za a biya mu. Har yau.

Malam Habu:
Ku rubuta a takarda ku ajiye, jikokinku za su karɓa.

Sadik Raket:
Jama'a abokin dabul ɗina ya sake kira yanzu, ya ce zuwa Juma'a yake son amsa. Ummi, filin siminti ne, eh.

Auwal Lefti:
Wai Juma'ar nan zauren a buɗe yake? Na ga ana shigar da kujeru da rumfa tun jiya.