Neman shawara: yaya zan gane kulocin Golf GTI ya ci kafin in biya kuɗi?

Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah masu sanin mota ku taimaka min. Na daɗe ina tara kuɗi saboda Golf 5 GTI, to jiya dillali ya kai ni na ga wata ƙirar 2007 manuwal mai giya shida, baƙa, jikinta ba laifi inji ma na tashi lafiya, mita na nuna kilomita 168,000. Abin da ya tsaya min a rai shi ne kuloci. Sai na ɗaga ƙafa kusan ƙarshe sannan yake kamawa, kuma da muka dawo na kashe ta na ji wata ƙara kamar kwaf-kwaf daga wajen giyabos, sau biyu ko uku ta yi shiru. Mai motar ya ce kulocin sabo ne bai fi wata shida ba amma babu rasit, kuma zagaye ɗaya kawai ya bari na yi a cikin unguwa, ko giya huɗu ban saka ba. Wlh ina son motar sosai amma ina tsoron in saya sati biyu a ce sai an sauke giyabos. Ya zan yi in gane gaskiya?

Direban Zariya:
Wa alaikumus salam. Ɗan uwa kulocin da ke kamawa a sama ai ya gama aiki, ni haka na sani tun ina yaron mota. Ga gwaji mai sauƙi, ja hambirki sosai, saka giya uku, ɗan taka totur kaɗan sannan ka saki kuloci a hankali. In motar ta mutu nan take to da sauransa, in kuwa inji ya ci gaba da aiki ƙafarka a sama to faifan ya suɗe, ka tafi abinka.

Bakanike a Panteka:
Oga direba maganarka gaskiya ce a tsofaffin motoci masu kuloci na waya, amma wannan na mai ne, da man birki yake aiki, tanki ɗaya ma suke sha da birkin, kuma yana gyara kansa yayin da faifan ke cinyewa. Saboda haka kamawa a sama alama ce dai amma ba hujja ba ce, na sha ganin wanda ke kamawa a sama mun sauke mun tarar da faifai da kauri, na kuma ga mai kamawa a tsakiya da ya ci har ƙusoshin faifan sun fara zana fulaiwil, wato farantin ƙarfen bayan inji da faifan ke kamawa.

Gwajin hambirki kuma yana kama kulocin da ya mutu murus ne kawai. Wanda ya fara ci zai kashe motar lafiya lau a tsaye ya yaudare ka, don ƙarfin da ke zamar da shi bai zo ba tukuna. Injin nan 2.0 ne mai turbo, doki 200, kuma ƙarfin juyinsa 280 Nm yana zuwa tun daga wajen 1,800 a agogon da ke nuna juyin inji, to a nan ake kama kuloci. Ƙanena ga yadda za ka yi. Ka tuƙa ta aƙalla minti ashirin ta yi zafi, don kuloci mai sanyi yana ɓoye laifinsa. Ka hau titi mai tsawo wanda babu cunkoso, saka giya biyar kana gudun 60 zuwa 70, allurar inji na wajen 2,000, sai ka danne totur har ƙasa ka zuba ido a allura biyun nan, ta inji da ta gudu. In lafiya yake tare za su riƙa hawa sannu a hankali. In allurar inji ta yi tsalle ta haura 3,000 ko sama amma gudu bai ƙaru ba, sannan ta dawo ƙasa da kanta, to zamewa yake yi, babu wata magana. Ka maimaita a giya shida, in da ɗan hawa a titin ya fi, in da mutum biyu a baya ma ya fi. Bayan nan ka tsaya ka buɗe bonet ka shinshina, warin kuloci kamar birkin tirela ne da ya ƙone a gangara, wanda ya taɓa jinsa baya mantawa.

Abu ɗaya kar ka ruɗe, in motar na fizga tana tari lokacin da ka danne totur amma allura bata tsalle, wannan yawanci kwayil ne ko fulogi, gyaransa daban kuma ya fi sauƙi nesa ba kusa ba.

Ɗan Ƙofar Ruwa:
Ni abin da ya fi ɗaga min hankali a bayaninka ƙarar nan ce ta lokacin kashewa. Motar nan fulaiwil ɗinta mai ɓari biyu ne da sifirin a tsakani, shi ke shanye girgizar inji, in sifirin ɗin sun gaji sai ɓarin biyu su riƙa dukan juna, kuma lokacin tayarwa da lokacin kashewa aka fi ji. Ka gwada haka, ka kashe ta ƙafarka bata kan kuloci ka saurara, sannan ka sake tayarwa ka taka kuloci har ƙasa ka kashe. In ƙarar ta ragu sosai ko ta ɓace a karo na biyu to ka sa fulaiwil a lissafi. Kuma a shago ina gaya maka sau da yawa kuɗinsa ya kai ko ya wuce na saitin kulocin gaba ɗaya. Mutane da yawa suna canza faifai kawai su bar tsohon fulaiwil don sauƙi, wataƙila ma abin da mai motar ke nufi da "sabo" ke nan, ka tambaye shi wane kamfani aka saka, LuK ne ko Sachs ko Valeo, kuma wane bakanike ya yi aikin. Wanda ya biya kuɗin nan da hannunsa wata shida da suka wuce ba zai manta ba.

Mai GTI a Abuja:
Na riƙe irinta shekara huɗu, bari in ƙara abin da ba a faɗa ba. Ka tambaya ko an taɓa kwamfutar injin an ƙara mata ƙarfi, samari na yawan yi wa GTI haka, kuma kulocin kamfani ba a yi shi don wannan ƙarin ba, tawa bayan an yi mata bata daɗe ba ta fara zamewa a giya biyar alhali faifan bai ƙare ba. Sannan ka duba robar fedal ɗin kuloci da tayoyin gaba, in robar ta suɗe har ƙarfe ya leƙo ko tayoyin gaba sun cinye na baya na nan da kyau, wataƙila an sha fizgar motar daga tsaye. Ka kuma sa bakanikenka ya shiga ƙasa da tocila ya duba mahaɗar inji da giyabos, in akwai jiƙewar mai a wurin ko dai sil ɗin bayan inji ne ke yoyo yana jiƙa faifan, ko kulocin ƙasa ne, wato silindar mai da ke tura kuloci in ka taka fedal, shi kuma a wannan motar a cikin giyabos yake haɗe da bering, ba ya fita sai an sauke komai.

Bakanike a Panteka:
Haka ne. Ka ƙara da wannan, mota na aiki a tsaye ka taka kuloci ka ƙirga uku ka saka giya ɗaya, ka fitar ka saka ribas. In yana gardama ko yana gurza amma da inji a kashe yana shiga sumul, kulocin baya saki duka. In kuma ka ɗora ƙafa kaɗan ka ji ƙugi ko fito ka ɗaga ya daina, bering ɗin kuloci ne. Mai motar da ya hana ka fita babban titi ka ce ka zuba mai da kuɗinka shi ya zauna a gefe, in ya ƙi wannan ma to ka haƙura da ita.

Mai tambaya:
Allah ya saka muku da alheri. Yau da safe na koma da bakanikena, da ƙyar mai motar ya yarda muka fita hanyar Zariya bayan na zuba mai. Gwajin hambirki ta mutu nan take har na fara murna, amma da ta yi zafi na danne a giya biyar sai allura ta tashi daga 2,100 ta kai kusan 3,200 gudu na nan a 70 kafin ta dawo, na maimaita a shida haka ta sake yi, mai motar na gefena ya gani da idonsa ya yi shiru. Ƙarar kashewa ma ta ɓace da na taka kuloci. Ƙasa dai a bushe yake babu yoyo, giya na shiga lafiya. Daga baya ya amsa cewa faifai kawai aka canza kuma na hannu ne, kwamfuta ya ce bai taɓa ba. Yanzu in bar ta ne ko in nemi ragi?

Ɗan Ƙofar Ruwa:
Tunda babu yoyo kuma giyabos lafiya, ni ba zan ce ka bar ta ba. Ka shigo kasuwa gobe da lambar shasi ka tambayi farashi a shago uku, faifai da murfinsa, fulaiwil, kulocin ƙasa mai bering, sil ɗin bayan inji da sababbin ƙusoshin fulaiwil don ba a maimaita tsofaffin, ka haɗa da kuɗin aiki da man birki. Duk abin da ya kama shi za ka ce a cire daga farashin motar, a rubuce a takarda ka nuna masa.

Bakanike a Panteka:
Kuma in kun daidaita kar ka ce bari in ɗan ja da ita wata biyu, daga wurin ciniki ka wuce gareji, a hanya ka bi ta a hankali kar ka danne totur a giya biyar ko shida. Ka tsaya a kai lokacin da za a buɗe kwalayen kayan, sannan bayan an ɗaura ka yi kamar kilomita 500 na tuƙin cikin gari ba fizga kafin ka sake gwada ta a hanyar Zariya.