Cire angurya ranar suna: wace amsa za a ba kakanni?

Maman Hanifa: Assalamu alaikum. A ƙauyukanmu na wajen Ringim har yanzu in wanzami ya zo askin suna, jaririya sai an "duba" ta. Tsofaffi na cewa akwai tsiro a gabanta da ake kira angurya, in ba a cire ba zai toshe hanya. Masana, mene ne wannan tsiron?

Anti Ladi, ungozomar asibiti: Wa'alaikumus salam, Maman Hanifa. Ba tsiro ba ne. Sinadaran jikin uwa ne ke sa gaban jaririya ya ɗan kumbura, tantanin bakin farji ya leƙo, wani lokaci har da farin ruwa ko ɗigon jini. Cikin 'yan makonni yake komawa da kansa, ruwan ɗumi kawai yake so.

Matsalar aska jini ne. Jaririya mai kilo 3, duk jinin jikinta bai fi wajen mililita 250 ba, ko ledar fiya wata bai cika ba. Cokali biyu na cin abinci ya zuba, an shiga haɗari. Kuma a makon farko jinin jariri ba ya saurin daskarewa, shi ya sa muke allurar bitamin K.

In an riga an yanka: a danne da tsumma mai tsabta minti 10, kada a riƙa ɗagawa ana leƙe. Ban da toka, ban da garin magani. A tafi asibiti ko jinin ya tsaya. In ta daina kama nono, baki ya ƙi buɗuwa, jiki na sandarewa, tatanas ne, ba iska ba.

Malam Sabo: Na gaishe ki, Anti. Maman Hanifa, ki haɗa wa tsofaffin da yankan gishiri, wato yanka farjin mace da aska in naƙuda ta yi tsawo, don tsoro ɗaya ne. A doguwar naƙuda ƙashin ƙugu ne ke tare kan ɗa, yanka nama ba ya buɗa ƙashi. Askar tana bi ta bangon farji na gaba ne, inda mafitsara da bututun fitsari suke manne, sai yoyon fitsari. Naƙudar da ta haura awa 12, a nemi mota. Wadda ta fara yoyo kada ta jira arba'in: in aka sa robar fitsari da wuri, ƙaramin rami kan haɗe ba tiyata. Ana gyara a asibitin Jahun da cibiyar Laure ta asibitin Murtala a Kano.

Anti Ladi: Ƙwarai, Malam. Dokar tarayya ta 2015 ta tanadi ɗaurin da ya kai shekara 4 ga mai yanka gaban mace, amma da doka ba ka shawo kan kaka. A samu uban jaririyar tun kafin suna, shi ke kiran wanzami, shi ke biya. Ya faɗa masa aski kawai, a ba shi ladansa cif, kuma uwa ko gwaggo ta tsaya a wurin har ya naɗe zabirarsa.