Bayan an bar bariki, sana'a fa?

Maman Ilham, Kano: Assalamu alaikum 'yan uwa. Waɗanda suka bar zaman bariki, ko suka riƙe wata da ta bari, ku gaya mana abin da ya tare muku hanyar sana'a. Ni dai ɗaki ne. Duk gidan hayar da na je, tambayar farko ita ce, ina mijinki? Wani ma ya ce sai na kawo shaidar mai unguwa, alhali mai unguwar ya san inda na fito. Macen da ba ta da wurin kwana, ina za ta kafa kaskon suya?

'Yar Funtuwa: Wallahi Yaya kin sosa mini inda yake mini ƙaiƙayi. Wata ƙungiya ta koya mana ɗinki, aka ba mu takardar shaida, keke kuwa shiru har yau. Na je ƙaramin banki neman rance, BVN da NIN duk ina da su, aka ce in kawo waɗanda za su tsaya mini. Dangina sun ce sun sallama ni, wa zai sa hannu? Adashe ma matan layinmu sun ƙi sa ni.

Uwar Biyu: Ni na fara awara, ciniki har ya kankama. Wani da ya san ni a da ya gane ni, ya baza magana, iyaye suka hana yara saye. Ga waken suya da mai sun yi tashin gwauron zabi tun da aka cire tallafin fetur a 2023. Ribar ba ta biyan kuɗin makaranta.

Hajiya mai abinci, Zariya: 'Ya'yana, akwai kuma bashi, wanda ba a cika faɗa ba. Na ɗauki wata yarinya wanke-wanke, ga ta da ƙwazo, ga riƙon amana. Magajiyar gidan da ta bari ta biyo ta har rumfata da lissafin kuɗin ɗaki da na magani. Sai da na biya daga aljihuna, ina cirewa kaɗan-kaɗan a albashinta. Da ban biya ba, komawa za ta yi, kuma na san ba da son ranta ba.

Ummi: Wasu sun ce mini in shiga auren zawarawa, wanda gwamnatin Kano ta fara a 2012, tunda ana ba da kayan ɗaki da ɗan jari. Ya rufa wa mata da yawa asiri. Amma sai da manemi da waliyyi, ni kuwa kawuna ko waya ba ya ɗauka.

Maman Ilham: Allah ya saka miki Hajiya. Ummi, kawun naki yana da malami ko dattijon da yake jin nauyinsa? A gwada ta nan.