Tambaya kan fim ɗin The Night of the Iguana

Sabo: Jama'a, a fim ɗin 1964 da Richard Burton ya fito a malamin cocin da aka kora, wato Shannon, me ya maƙale da matan nan da yake yi wa jagorar yawon buɗe ido a bas a otal ɗin ƙawarsa Maxine?

Hajara: Malam Sabo, bas ɗin lafiyarta ƙalau. Shannon ne ya cire murfin distributa ya ɓoye. Babu shi, wuta ba ta isa fulogi, inji ba ya tashi. Tsoronsa kada Miss Fellowes, ɗaya daga cikin matan, ta sa a sallame shi daga aiki kan zargin lalata da Charlotte, yarinyar da take kula da ita.

Ɗanlami: Ku lura da damon (wato iguana) da aka ɗaure a otal ɗin. Shi ma Shannon sai da aka ɗaure shi a ragar kwanciya, daga baya ya yanke igiyar damon. A ganina nan fim ɗin yake.

Hajara: Darakta John Huston ya ɗauke shi a Mismaloya, Meziko, baƙi-da-fari.